Zagayen Broadway ranar Asabar: wa zai je, kuma ya halatta mu ratsa gonar mutane?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tun cikin hunturu muke cewa idan gari ya buɗe za mu fita mu sha iska tare, to ga Afrilu ya kama. Shawarata mu yi zagayen Broadway ranar Asabar ta sama. Ƙauye ne a gundumar Worcestershire ta Ingila, a gefen arewa na tuddan Cotswolds, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Birmingham. Daga cikin ƙauyen ake tashi, a hau tudu ta cikin makiyayar tumaki har zuwa hasumiyar da ke ƙoli, sannan a gangaro ta wata hanya dabam a dawo inda aka fara. Duka-duka mil 4 ne, wajen kilomita 6 da rabi. Wanda ya saba awa biyu ta ishe shi, mu da yara da tsaye-tsaye mu ƙiyasta awa uku zuwa huɗu. Ga hotuna nan na turo. Mai zuwa ya yi magana.

Anti Larai: Wa alaikumus salam. Maman Hanif, tsakaninki da Allah, hawan nan yaya yake? Kin san gwiwata ba ta son wasa.

Maman Hanif: Anti ba zan ɓoye miki ba, akwai hawa. Ƙauyen yana ƙasa ne, ita kuwa hasumiyar tana kan tudu mai tsayin mita 312 daga gaɓar teku, don haka za a hau sama da mita 200, kuma yawancinsa a jere yake ba hutu. Sai dai ba dutse ba ne da za a kama da hannu, ciyawa ce shimfiɗe. Fili ne bayan fili, kowanne da ƙofarsa, a kowace ƙofa mutum zai iya jingina ya maida numfashi ya waiwaya ya ga yadda rufin gidajen ƙauyen ke ƙanƙancewa a bayansa. Ga mai ciwon gwiwa gangarowar ta fi hawan wahala, musamman idan an yi ruwa kwana biyu ƙasa ta yi santsi. Idan kin ga ba za ki iya ba, akwai wurin ajiye motoci kusa da hasumiyar, sai ki hau a mota ki jira mu a can mu ci abinci tare.

Anti Larai: To Alhamdu lillahi. Zan zo da sanda, in gwada hawan, dawowa kuma na ga abin da hali ya yi.

Sadiq Direba: Ina ciki. Motata na ɗaukar mutum shida ban da ni. Masu tasowa daga Landan ku lura, babu tashar babban jirgin ƙasa a Broadway. Jirgin da ke tashi daga Paddington ya nufi Worcester za ku hau, ku sauka a Moreton-in-Marsh ko Honeybourne ko Evesham, daga nan sai bas ko tasi. Bas ɗin ƙauye ba shi da yawa, kar wanda ya dogara da shi bai duba lokacinsa ba.

Alhaji Garba: Assalamu alaikum. Ni baƙo ne a cikinku, ɗana ne ya sa ni a wannan zaure da na zo duba jikoki a Coventry. Ku yi haƙuri da tsoho zai sa baki. Na duba hotunan da 'yar nan ta turo. Abin da na gani gona ce ta mutum, da shinge, da ƙofa, da dabbobinsa a ciki. Ni manomi ne, a noma na tashi a ƙasar Funtuwa. Wanda ya kewaye wurinsa ya sa ƙofa, ai ya gama magana, cewa yake kar a shiga. Yanzu mu kwashi kanmu mu ashirin, baƙaƙen fata a ƙasar mutane, mu zare sakata mu ratsa ta tsakiyar tumakinsa? Ban ma kai ga tsoron 'yan sanda ba. Tambayata ita ce, a wurin Allah wannan ya halatta? Wa ya nemi izininsa?

Nura Lauya: Baba barka da zuwa, Allah ya ƙara lafiya. Tambayarka tana kan hanya, kuma kusan duk wanda ya zo daga gida sai ya yi ta. Amsar ita ce, gonar tasa ce, amma turbar da ta ratsa ta ciki ta jama'a ce, kuma doka ce ta ce haka. A Ingila da Wales akwai irin waɗannan turbobi da tsawonsu ya kai kimanin mil 140,000. Da yawansu sun girmi shingen da ka gani: hanyoyi ne da mutanen da suke bi zuwa kasuwa, zuwa coci, zuwa wurin niƙa. Dokar 1949 ta umarci kowace gunduma ta zana su a taswira ta hukuma, kuma duk turbar da ta shiga wannan taswira ta tabbata. Wanda ya sayi gonar, da turbar ya saya, ya san da ita tun kafin ya biya kuɗi. Ba shi da ikon ya sa mata kwaɗo ko ya toshe ta, ko da an shekara goma ba wanda ya bi. Idan yana so a karkatar da ita sai ya nemi hukuma, a sanar da jama'a, mai ƙorafi ya yi.

Ƙofar da ka gani ta tare tumaki ce kar su fita. Za ka ga an liƙa mata ɗan faifai mai kibiya. Kibiya ruwan ɗorawa na nufin turbar masu tafiya a ƙasa, shuɗiya kuma har mai doki da mai keke suna da haƙƙi. A hawan Broadway za ka ga ƙarin alamar ƙwallon itacen oak, domin wannan yanki ne na Cotswold Way, doguwar turba mai mil 102 daga Chipping Campden zuwa Bath.

Alhaji Garba: To idan ba makiyaya ba ce, shuka ce fa? Mutum ya shuka alkamarsa, ku bi ta kai ku tattake?

Nura Lauya: Nan ma doka ta yi magana, Baba. Idan turbar ta ratsa tsakiyar gona, manomi yana iya nome ta tare da sauran gonar, amma cikin kwana 14 dole ya maido da ita yadda za a gane ta a bi, faɗinta aƙalla mita 1. Idan shuka ta tashi, shi zai share wannan layin kar ta rufe shi. Wadda ta bi gefen gona kuwa ba a nome ta sam. Da bazara za ka ga alkama ta kai ƙugu dama da hagu, ga siririyar hanya fetal ta tsaga ta tsakiya har can ƙarshe. Amma haƙƙin mai wucewa a kan layin nan ya tsaya. Da zarar ka kauce ka shiga cikin shuka, ko ka shimfiɗa tabarma a tsakiyar makiyaya, ka shiga wurin mutum ba izini, kuma yana da ikon ya ce ka fita.

Ardo Maraɗi: Alhaji, ranka ya daɗe, abin da Nura ke faɗa ai mun san shi. Burtali ne. Hanya ce ta ratsa gonaki, an yarda da ita tun kaka da kakanni, manomi ya san ba zai shuka a kai ba, makiyayi ya san ba zai kauce ba. Bambancin kawai, nasu mutane ke bi, namu shanu. Ni a ruga aka haife ni, da idona na ga burtalin da garke biyu ke wucewa kafaɗa da kafaɗa ya koma wanda saniya ɗaya ba ta wucewa sai ta taɓa gero. Kowace damina a ci taku ɗaya daga nan, taku ɗaya daga can. Shi ya sa ranar da na fara ganin layin nan a cikin alkamar Bature, an bar shi an share shi, na daɗe a tsaye ina kallo. Raina ya sosu ƙwarai.

Alhaji Garba: Ardo, ka faɗi taka, bari in faɗi tawa. Ba mugunta ce ta sa manomi ya ci burtali ba. Gonar da mahaifina ya noma shi kaɗai, mu tara muka raba ta, 'ya'yanmu kuma za su sake rabawa. Ƙasa ba ta ƙaruwa. Sannan sau da yawa ba manomin ne ya fara ba, wani mai iko ne ya yanka ya sayar masa. Kuma shanun da suka kauce suka cinye wa mutum dawa cikin dare ɗaya, wa ya biya shi?

Ardo Maraɗi: Ban musa ba Alhaji. Ɓarna ɓarna ce, ko daga wa ta fito. Ni abin da nake nunawa shi ne rubutu da alama. A Arewacin Najeriya an yi dokar wuraren kiwo tun 1965. A Nijar akwai dokar karkara ta 1993, kuma a wasu yankunan jiharmu ta Maraɗi an kafa turakun siminti a gefen burtali. Inda turakun suke, gardama ta ragu, domin kowa na ganin iyaka da idonsa. Inda babu, sai rantsuwa da shaidar tsofaffi, tsofaffin kuma suna ƙarewa.

Nura Lauya: Gaskiyar Ardo ke nan, amma kar mu ɗauka Turawan nan a ruwan sanyi suka samu. A ranar 24 ga Afrilu 1932, ɗaruruwan ma'aikata, galibi daga Manchester, suka hau tsaunin Kinder Scout da gangan ba izini, domin masu ƙasar sun keɓe shi don farautar tsuntsaye. Aka yi dambe da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar, har da jagoransu Benny Rothman. Wannan ɗaurin ya ƙara wa maganar ƙarfi. A 1951 yankin Peak District, inda tsaunin yake, ya zama gandun ƙasa na farko da hukuma ta keɓe don kiyayewa da shaƙatawar jama'a. Sai a 2000 aka yi dokar da ta ba mutane damar yawo a kan tsaunuka da wasu filayen da ba a nomawa, kuma ko da ita, kusan kashi 8 cikin 100 ne kawai na ƙasar Ingila mutum ke iya yawo yadda ya ga dama. A Scotland dokar 2003 ta fi wannan faɗi nesa ba kusa ba. Har gobe ana jayayya a kan maganar nan.

Injiniya Bello: Ni fa ina bayan Alhaji ta wani ɓangaren, kuma ina so a ji ta bakin manomin Ingila, tunda ba ya cikin zauren nan. Ina zaune a ƙauye, maƙwabcina mai tumaki ne, muna gaisawa ta kan shinge. Wata safiya ya kira ni in taya shi kora, domin wasu sun wuce da yamma sun bar ƙofa a buɗe, tumakin suka fita kan titi. Dattijo ne, na same shi yana haki da bokitin dusa a hannu yana kaɗawa don su biyo shi. Ya ce mini ƙofar ma da sauƙi, abin da ya fi ci masa rai karnukan masu yawo ne. Kare ko bai ciji tunkiya ba, idan ya bi ta da gudu tana da ciki sai ta yi ɓari. Ga ledoji da gwangwanaye da dabba ke haɗiya. Doka ta ba mu hanya, na yarda, amma shi ke kwana da asarar. Kuma ku tuna 2001, da cutar baki da kofato ta ɓarke, aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6, aka rufe turbobin nan kusan duka don kar takalman mutane su ɗauki cutar daga gona zuwa gona. Mutum ashirin da yara ba ƙaramin taro ba ne a watan haihuwar tumaki. Idan ba za mu iya riƙe yaranmu ba, gara mu je filin shaƙatawa na cikin gari.

Maman Hanif: Injiniya na ji, kuma ba zan yi gardama da kai ba. Ga abin da za mu yi. Babba ɗaya a gaba, babba ɗaya a baya, na bayan shi ke da alhakin kowace ƙofa. Ƙa'idar ita ce a bar ƙofa yadda aka same ta: wadda aka tarar a rufe a rufe ta, wadda aka tarar a buɗe an ɗaure ta kar a taɓa, wataƙila mai gonar ne ya bari don dabbobi su kai ga ruwa. Yawancin ƙofofin hawan nan irin masu kewayen nan ne, ka tura ƙyauren ka shiga lungu, ka maida shi ka fita, mutum ɗaya-ɗaya, tunkiya ba ta iya bi. Yara ba gudu a cikin tumaki, ba ɗaukar ɗan rago ko da an ga shi kaɗai yana kuka, uwarsa na kusa. Kowa ya zo da ledar zuba shararsa, har ɓawon ayaba.

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Alhaji, Allah ya saka da alheri da ka fara da tambayar halal. Abin da na fahimta, Allah ne mafi sani, shi ne idan hanya ta tabbata ta jama'a ce bisa doka da al'adar wurin, kuma mai gonar ya mallake ta a kan wannan sharaɗi, to bin ta ba ƙwace ba ne, ba kuma shiga haƙƙin wani ba ne. Malaman fiƙihunmu sun san haƙƙin wucewa ta cikin ƙasar wani, kamar yadda suka san haƙƙin ratsawar ruwan ban-ruwa. Amma abin da Injiniya ya faɗa shi ma addini ne. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da ya yi maganar haƙƙin hanya ya ambaci kame cuta daga mutane da amsa sallama. Wanda ya bar ƙofa tunkiyar mutum ta fita mota ta buge ta, ya ɗauki alhaki, ko doka ta kama shi ko ba ta kama shi ba. Wanda ya tsinki tuffa a bishiyar da ke cikin shingen mutum, ya ci abin da ba nasa ba.

Alhaji Garba: Allah ya gafarta Malam, na gamsu da wannan. Da ma abin da nake gudu mu ɗauki zunubi muna cewa shan iska muke.

Zainab: Ni tawa damuwar dabam ce, ku yi haƙuri. A cikin Birmingham ba wanda ke kallona don na sa hijabi. Ƙauyukan nan kuwa daga kai sai kai. Na taɓa shiga wani shagon shayi a wani ƙauye da ƙawata, muna shiga hira ta tsaya cak, har muka zauna ba wanda ya ce uffan. Ba a zage mu ba, an ma kawo mana abin da muka saya, amma ban ji daɗin shayin nan ba. Ba na son in kai ƙannena inda za su ji haka.

Maman Hanif: Ƙanwata, abin da kika ji gaskiya ne, ba zan ce miki babu ba. Abin da zan iya shaida shi ne a kan turbar kanta mutane gaisuwa suke. Al'adar masu yawon karkara ce, duk wanda kuka yi kiciɓis sai ya ce sannu, wani ya riƙe miki ƙyaure, wani ya ce ki kula gaba akwai taɓo. Broadway kuma wuri ne na 'yan yawon buɗe ido daga ko'ina, ranar Asabar za ki ga 'yan Indiya da 'yan Japan da Larabawa a babban titin.

Sadiq Direba: Zainab, kin san ƙungiyar Muslim Hikers, ta Musulmi masu yawon hawan tsaunuka? Haroon Mota ne ya kafa ta, mutumin Coventry. Ranar Kirsimeti ta 2021 suka hau tsaunin Mam Tor da ke Peak District, suka sa hotuna a intanet, wasu suka yi ta zuba musu maganganun wariya, wai sun cika wuri sun lalata hanya. Ba su fasa ba, kuma mutane da yawa na ƙasar suka fito suka goya musu baya. Ni ra'ayina, idan muka ƙi zuwa saboda kallo, 'ya'yanmu da aka haifa a nan za su tashi suna ganin karkarar ƙasar ba tasu ba ce. Haraji muke biya kamar kowa.

Zainab: Na ji Yaya Sadiq. Amma ka san namiji ba ya jin abin yadda mace mai hijabi ke ji. Zan zo, sai dai ina so mu riƙa tafiya tare, kar a bar wata a baya ita kaɗai.

Maman Hanif: Ni da ke za mu jera, in sha Allahu.

Anti Larai: To karnuka fa? Turawan nan kowa da karensa, wani ya zo yana shinshina maka zani. Da kayan za mu yi sallar azahar?

Malam Habibu: Anti, a mazhabar Imam Malik da muka tashi a kai, kare mai rai ba najasa ba ne, haka yawunsa. Idan ya taɓa tufafinki sallarki ta yi. Wasu mazhabobin sun tsananta, wanda yake bin su sai ya wanke wurin ko ya riƙe wani mayafin a jaka. Kar wannan ya zama abin gardama a hanya. Azahar a wannan watan tana shiga bayan ƙarfe 1, lokacin muna sama. Kowa ya yi alwala kafin mu tashi daga ƙauyen, akwai bayan gida na jama'a a can. Alƙibla kudu maso gabas take. Mu nemi gefe inda ba mu tare wa kowa hanya ba, mu yi ta kashi biyu don wasu su kula da yara.

Ardo Maraɗi: Bari in yi maganar shanu, domin hanyar dawowa ana iya cin karo da su. Mutanenmu suna raina shanun Turawa saboda ba su da dogon ƙaho. Kuskure ne babba. Kusan kowace shekara ana samun wanda shanu suka tattake ya mutu a turbobin ƙasar nan, kuma yawanci saniya mai ɗan maraƙi ce, ko kuma akwai kare a wurin. Saniyarmu ta saba da mutum, tare suke kwana suke tashi. Waɗannan kuwa a fili ake sakin su, mai su a mota yake zuwa duba su. Idan mun shiga fili muka gan su, a tsaya a duba tukuna: ina maruƙan suke, ina ƙofar fita. Kar a ratsa tsakanin uwa da ɗanta, a yi musu kewaye mai faɗi, doka ma ta yarda ka kauce don tsira sannan ka dawo kan turba. Yara a tsakiya. Ba ihu, ba gudu. 'Yan karsana suna da son ganin ƙwaƙwaf, za su biyo ku a baya har su matso, idan ka juya ka fuskance su ka buɗe hannu sai su ja da baya. Wadda za a ji tsoro ita ce ta sunkuyar da kai, ta kafe ka da ido, tana tonon ƙasa da ƙafa. Ku bar ni in shige gaba a duk filin da ke da shanu.

Nura Lauya: Ƙari a kan na Ardo, doka ta hana a saki bijimin irin shanun madara da ya wuce wata 10 a filin da turbar jama'a ta ratsa. Na sauran iri kuma sai in yana tare da mata.

Maman Hanif: Ni ma bari in sa rigar aikina ta asibiti in faɗi biyu. Mai juna biyu kar ta taɓa tunkiya ko ɗan rago a wannan lokaci na haihuwa, akwai cututtukan da ke iya shafar ciki, hukumar lafiya ta ƙasar nan tana gargaɗi a kai kowace shekara. Na biyu kaska. Tana cikin doguwar ciyawa, ƙarama ce ƙwarai, wata tana ɗauke da cutar Lyme. A sa dogon wando a cusa ƙafarsa cikin safa, idan an koma gida a duba bayan gwiwa da bayan kunnen yara. Akwai kuma wata ciyawa mai ganye kamar zarto a gefen shinge, tana taɓa fata sai ƙaiƙayi da zafi, a nuna wa yara ita tun a ƙofar farko. Takalmi kuma mai haƙora a ƙasa, ban da silifas, ban da farin kambas. Rigar ruwa ko da an wayi gari da rana, domin iskar ƙolin tudun dabam take da ta ƙasa.

Alhaji Garba: Akwai abin da ya tsaya mini a rai a hotunan nan. Katangar dutsen da ta raba filayen, ban ga siminti ko laka a tsakaninta ba. Kuma wannan hasumiyar, ta yaƙi ce?

Injiniya Bello: Alhaji idonka na manomi ne. Babu siminti ko kaɗan. Dutsen farar ƙasa ne na yankin, launinsa kamar zuma, kuma yana fashewa fale-fale, shi ya sa yake jeruwa. Magini yana jera layi biyu, gindi da faɗi sama da tsukewa, ya cika tsakiya da ƙananan duwatsu, kowane dutse ya hau kan mahaɗar biyun da ke ƙasansa, sannan ya kafa na ƙarshe a tsaye a kai. Ruwa na ratsawa ya wuce, don haka sanyi ba ya fasa ta. Da yawan katangun an yi su ne a ƙarni na 18 da na 19, lokacin da aka yanka filayen da talakawan ƙauye ke nomawa tare aka mallaka wa ɗaiɗaiku, mutane da dama suka rasa wurin kiwo. A filayen ƙasa kusa da ƙauyen, idan ka duba da kyau za ka ga ciyawar tana hawa tana sauka a jere, tsofaffin kunyoyin garmar shanu ne na ɗaruruwan shekaru, tun da aka maida wurin makiyaya ba a sake nome shi ba. Arzikin yankin nan gashin tumaki ne ya kawo shi, shi ya gina manyan coci-coci irin na Chipping Campden.

Hasumiyar kuwa ba don yaƙi aka gina ta ba. Ta ƙawa ce. James Wyatt ne ya zana ta, aka gina wa mai sarautar Coventry wajen 1798, tsayinta kimanin mita 20. A duk Cotswolds tudun Cleeve ne kawai, mai mita 330, ya fi wannan tsayi. Shiga ciki da kuɗi, amma turbar tana wucewa ta gindinta kyauta, kuma daga nan ma idan gari ya yi garau ana hango kwarin Evesham da tuddan Malvern. Akwai garken jajayen barewa na Turai a killace kusa da ita, yara za su so su.

Alhaji Garba: Wato su ma an taɓa ƙwace wa talakansu makiyaya. To turbar ita ce abin da ya rage musu ke nan.

Nura Lauya: A wurare da yawa haka ne, Baba.

Alhaji Garba: Ku sa sunana. Ina so in dafa katangar nan da hannuna, in ga kuma layin da ake bari a cikin shuka, idan akwai a hanyar. Ardo, ni da kai za mu shige gaba, maganarmu ba ta ƙare ba.

Ardo Maraɗi: Da izinin Allah, ranka ya daɗe. Nura, ka turo mini bayanin taswirar hukumar nan, yadda ake shigar da turba da yadda ake ƙorafi. Akwai kawuna da ke cikin kwamitin sasanta manoma da makiyaya, ina so in karanta masa.

Maman Hanif: To mu tsayar. Haɗuwa ƙarfe 10 na safe a filin ciyawar da ke tsakiyar ƙauyen, tashi 10 da rabi. Mu hau ta Cotswold Way daga saman babban titi, mu ci abinci mu yi salla a sama, mu gangaro ta Coneygree Lane zuwa tsohon cocin St Eadburgha, daga nan ta filaye mu koma. Wannan gangaren yana cikin bishiyoyi kuma yana riƙe taɓo, Anti Larai ki yanke shawara idan mun kai sama. Wanda ke da taswirar takarda ta yankin Cotswolds, mai lamba OL45, ya zo da ita, waya ba ta samun sabis a ko'ina. Kowa da ruwansa da abincinsa, ni zan zo da filas biyu na shayi. Injiniya, kai ne na baya mai kula da ƙofofi.

Injiniya Bello: Na karɓa. Amma idan aka kwana ana ruwa ranar Juma'a, ina ba da shawarar a ɗaga zuwa wani satin. Ƙafa arba'in a kan jiƙaƙƙiyar makiyaya ɓarna ce ga ciyawar mutum.

Maman Hanif: Mu duba hasashen yanayi ranar Alhamis da dare sai mu yanke.

Sadiq Direba: Saura kujera biyu a motata. Alhaji, lamba nawa kake sawa a takalmi? Ina da na hawa guda biyu, ɗaya 43 ne.